A Daina Ɗura Wa Mai Jijjiga Abu A Baki

Duk shekara idan damina ta yi nisa, ɗakunan yara a asibitocinmu sukan cika da masu jijjiga. Kowa ya san zazzaɓin cizon sauro da yadda yake kayar da yaro cikin kwana biyu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha faɗa cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya 'yan Najeriya ne. Abin da ya dame ni shi ne abin da ake yi wa yaron tsakanin gida da asibiti. Sau da yawa idan an kawo wa ma'aikatan lafiya yaro, aiki biyu ake ɗora musu: maganin ciwon da ya kawo shi, da gyaran ɓarnar da masu taimako suka yi masa a hanya.

Kwanakin baya a unguwarmu, wata yarinya da ba ta wuce shekara uku ba ta kwana biyu da zazzaɓi, ana ba ta farasitamol yana sauka yana dawowa. Bayan magariba sai ta sandare, idanu suka kafe, hannu da ƙafa suka kama karkarwa. Uwar ta ƙwalla ihu, nan take gida ya cika. Wata ta danna mata cokali tsakanin haƙora, wai kada ta haɗiye harshe. Wata ta sheƙa ta ɗauko manja, aka matse hanci aka ɗura. Kaka ta daka tafarnuwa da albasa ta cusa mata a hanci. Wani ya ce ai iska ce, aka kunna tsumma ana banka mata hayaƙi a fuska. Duk wannan babu wanda ya duba agogo, babu wanda ya fita neman abin hawa.

Da maigidan ya iso, sai ya saɓa ta a kafaɗa zuwa kemis ɗin bakin layi. Yaron shagon bai tambayi nauyinta ba, bai gwada komai ba, ya zuƙi allura ya tsira mata a ɗuwawu. Da ya ga jijjiga ba ta tsaya ba, ya ƙara wata, sannan ya rataya ledar ƙarin ruwa a ƙusa. Sai da numfashinta ya fara kakari, sannan ya ce gara a tafi babban asibiti. Lokacin an daɗe da idar da sallar isha'i. Allah ya yi da sauran kwana, ta rayu. Zazzaɓin ya ji magani cikin 'yan kwanaki, amma manjan da ya shiga huhu ne ya tsare su a asibiti ana sa mata iskar oksijin, ga leɓe a fashe, ga haƙori ya karye. Wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido.

Don Allah jama'a, yaushe za mu daina wannan ganganci? Mai jijjiga ba ya haɗiye harshensa, domin harshe a ɗaure yake ta ƙasa. Cokalin da kike danna masa haƙori yake karyawa, ya fasa dasashi, jini ya gangara maƙogwaro. Shi kuwa wanda hankalinsa ya gushe ba ya iya haɗiya, ba ya iya tari ya fitar da abin da ya ƙware da shi. Duk abin da aka zuba masa a baki, ruwa ne, madara ce, manja ne, man shanu ne ko jiƙo, hanyar numfashi yake bi ya sauka a huhu. Mai ya fi komai muni, don huhu ba ya iya fitar da shi da sauƙi. Hayaƙi kuma yana rage wa yaron iskar da ƙwaƙwalwarsa take nema ruwa a jallo a daidai wannan lokaci. Ba a hana addu'a ba, a yi ta, a tofa masa, amma a yi ta a cikin mota ana tafiya. Ruwan rubutu ya jira sai ya farfaɗo ya iya riƙe kofi da kansa.

Allurar da masu kemis suke yawan yi wa mai jijjiga ita ce dayazifam, wadda wasu suka sani da Valium. Magani ne na gaskiya, yana cikin jakar kowane ƙwararren ma'aikacin agajin gaggawa, amma yana da ƙa'ida. Ana ba da shi idan jijjiga ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba, kuma da nauyin yaro ake auna shi. Ta jijiya ake yin sa a hankali, ko a zuba shi ta dubura. Idan aka tsira shi a tsoka, jinkirin shiga jini yake yi, sai mai allurar ya zaci bai yi aiki ba ya ƙara, daga baya duka su taru su danne numfashi. Shi ya sa ƙa'ida ta ce kada a wuce sau biyu, kuma mai bayarwa ya kasance yana da abin taimaka wa numfashi a kusa. Akwai ɗan'uwansa midazolam, wanda ake iya yi a tsoka, ko a zuba a hanci ko tsakanin kunci da dasashi, shi ma a hannun wanda aka horar. Ko kusa wannan ba aikin yaron shago ba ne da ya koyi allura da kallo.

Ƙwararre idan ya ga yaro mai jijjiga, zai ɗan huda yatsa ya gwada sukarin jininsa, saboda zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana zubar da sukari, kuma ƙarancin sukari kaɗai yana sa jijjiga da suma. Idan ya yi ƙasa, ruwan gulukos ake ba shi ta jijiya, wani lokaci yaron ya farfaɗo cikin mintuna. Ledar ruwan da aka rataya ba tare da gwaji ba tana iya zama wadda babu sukari a cikinta ko kaɗan, kuma idan ta yi yawa ga ƙaramin yaron da jininsa ya ƙare, zuciya da huhu take cikawa.

Ga mutanen karkara akwai wani magani da ya kamata kowane uba ya san sunansa: atesunet na matsi, wanda ake sa wa yaro ta dubura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba yaran da ba su kai shekara 6 ba, idan ana zaton zazzaɓi mai tsanani ne, ba sa iya shan magani, kuma asibitin da za a yi musu allura yana da nisa. Sau ɗaya ake sa shi, aikinsa ya rage ƙarfin ƙwayar cutar a jini kafin a isa. A nan ma sakacinmu yake fitowa. Yaro ya buɗe ido ya nemi nono, sai a ce alhamdulillahi ya warke, a fasa tafiya. Wani babban bincike da aka gudanar a jihar Adamawa da ƙasashen Kwango da Yuganda ya nuna cewa inda ba a ƙarasa da yara asibiti suka samu cikakken magani ba, matsin bai rage mace-mace ba. Cikakken maganin shi ne allurar atesunet ta aƙalla awa 24, sannan a bi ta da ƙwayoyin haɗin atimisinin na kwana 3. Kuma kada a manta, sanƙarau ma yana zuwa da zazzaɓi da jijjiga, shi kuwa maganinsa daban.

To me za a yi a gida? A kwantar da mai jijjiga a ƙasa a kan gefensa, fuska ta ɗan kalli ƙasa don yawu da amai su zubo waje. A kawar da wuta, tukunya da duk abin da zai ji masa ciwo. A sassauta masa tufafi, a sa zane a ƙarƙashin kansa. Kada a danne shi, kada a sa komai a bakinsa, har da maganin zazzaɓi. Mutum ɗaya ya duba agogo, wani ya fita neman mota ko a-daidaita-sahu tun daga farko, sauran su ja baya a bar masa iska. Idan jiki ya yi zafi a goge shi da tsumma da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ban da ruwan sanyi. A mota ma a kan gefensa za a riƙe shi. Idan babba ne mai farfaɗiya, dokar ɗaya ce, kuma a sani yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon, don haka babu dalilin gudu a bar shi kusa da wuta ko rijiya.

Abu na gaba da nake roƙo shi ne gaskiya. Idan an riga an tsaya a kemis, a taho da kwalbar allurar ko kwalinta, a gaya wa likita abin da aka yi da lokacin da aka yi shi, har da manjan da aka ɗura. Mutane suna ɓoyewa don tsoron faɗa, sai likita ya ba da dayazifam na uku bai sani ba. Faɗan malamar asibiti na minti biyu ne, ya wuce.

Sauran magungunan gaggawa ba su da yawa, kowanne da ciwonsa. Adirenalin shi ne na wanda jikinsa ya ƙi wata allura, ko abinci, ko harbin zuma, fuska da leɓe suka kumbura, numfashi ya toshe. A tsokar gefen cinya ake yin sa nan take, a maimaita bayan minti 5 idan babu sauƙi. Piriton da haidirokotison da ake rugawa a ɗauko ba su da saurin da za su ceci irin wannan. Duk wurin da ake yi wa mutane allura babu adirenalin a ajiye, wasa ake yi da rai.

Mai asma maganinsa na gaggawa salbutamol ne, shuɗiyar inhelar nan da aka fi sani da Ventolin, wadda take buɗe hanyoyin numfashi cikin mintuna. Zancen wai idan an fara shaƙa ba a dainawa ba gaskiya ba ne, kuma ya sa iyaye da yawa suna ɓoye ta a durowa yaro yana shiɗewa. Mai ciwon sukari da ke kan insulin ko ƙwaya, idan ya fara gumi da rawar jiki da ruɗewa, musamman lokacin azumi, a ba shi ƙaramin cokali 3 zuwa 4 na sukari a ruwa ko rabin kwalbar lemo, muddin yana iya haɗiya da kansa. Idan ya suma, ya koma dokar farko: babu komai a baki, sai asibiti. Babban mutum da ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an danne shi, ciwon yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, ga gumi, yana iya tauna asfirin miligiram 300 a kan hanya, in dai jikinsa ba ya ƙin sa kuma ba ya zubar jini. Amma ba a ba wanda bakinsa ya karkace ko ɓarin jikinsa ya shanye, don ƙila jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Yara ma ba a ba su.

Ga mata masu haihuwa, oksitosin da misofrostol suna tsayar da zubar jini bayan jariri ya fito. Yi wa mace allurar naƙuda a gida don a gaggauta haihuwa yana iya fasa mahaifa, kuma oksitosin ɗin da ya daɗe a zafin shago ba a firiji ba ƙarfinsa ya ragu. Mai ciki da ta kama jijjiga, magnesiyam salfet ne maganinta. Akwai kuma tiranekzamik asid: binciken da aka fitar a 2017 kan mata 20,000 a ƙasashe 21, har da Najeriya, ya nuna yana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku idan an ba da shi cikin awa 3 da haihuwa. Waɗanda suka yi haɗarin mota ma cikin awa 3 ɗin yake musu amfani. Matashin da ya sha kodin ko makamantansa har numfashi ya yi ƙasa, nalokson ne yake tashe shi, ba madara ko manja ba.

Ban lissafa waɗannan don kowa ya saya ya tara a gida ba. In ban da sukari, inhela da asfirin, duk sauran na ƙwararru ne, kuma ko a hannunsu aikin magungunan shi ne riƙe rai kafin a isa inda za a yi cikakken magani. Motocin agaji sun yi mana ƙaranci, gaskiya ne, duk da akwai lambar gaggawa ta 112 da ta jami'an kiyaye haɗurra 122. Saboda haka nauyin ya dawo kan magidanta. Kowane maigida ya ajiye lambar direba ko mai a-daidaita-sahu da zai amsa kira da tsakar dare, ya ware kuɗin mota da ba a taɓawa, ya san asibitin da yake aiki dare da rana kuma ana ƙarin jini. Ya kuma ba matarsa izini tun yau cewa idan yaro ya kama jijjiga ta fita da shi, kada ta zauna jiran dawowarsa daga kasuwa. Limamai da masu unguwanni su faɗi wannan a masallaci da wajen suna, malaman Islamiyya su faɗa wa matan aure. Mai kemis kuma da aka kawo masa yaro a sandare, mafi alherin abin da zai yi shi ne ya taimaka a tare abin hawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.