Wasan kwamfuta da ke neman shaida kafin ya yarda ka kakkaɓo jirgi

A mafi yawan wasannin kwamfuta na yaƙi, da zarar mai wasa ya harbi abokin gaba, nan take maki zai bayyana a allo.

Ba haka abin yake ba a wasan Wings Over Flanders Fields, wanda kamfanin OBD Software ya fitar a shekarar 2013, yana kwaikwayon yaƙin jiragen sama a sararin samaniyar Faransa da Beljiyam lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

A wannan wasa, idan mai wasa ya dawo sansani lafiya, sai ya cike takardar da'awa: wane irin jirgi ya harbo, a ina, kuma wane ne daga cikin abokan tafiyarsa ya gani.

Daga nan sai jira. Bayan wasu kwanaki a kalandar wasan, hedkwata za ta amince ko ta yi watsi da da'awar, ko da kuwa mai wasan ya ga jirgin na ci da wuta da idonsa.

Abokan gaba masu jin tsoro

Matuƙan da kwamfuta ke sarrafawa ba su san komai da komai ba. An tsara su ne ta yadda sai sun hango jirgi kafin su kai masa hari, don haka gajimare na iya ɓoye mutum daga gare su.

Kowannensu na da matakin ƙwarewa, da gajiya, da ƙarfin gwiwa. Wanda harsashinsa ya ƙare, ko jirginsa ya lalace, ko zuciyarsa ta karaya, kan juya ya nufi gida.

Wannan ne ke dagula lissafi. Jirgin da ya sulmiyo ƙasa yana juyawa ba lallai ne ya faɗi ba, domin matuƙa kan yi hakan da gangan su kuɓuta, dabarar da aka sani tun a ainihin yaƙin.

Akwai kuma gwarazan matuƙa na tarihi, waɗanda wasan ke sakawa a rundunoninsu na gaskiya. Mai wasa na iya harbo ɗayansu, amma wasan ba ya kashe shi kafin ranar da tarihi ya rubuta.

Tushen tsarin

Masu wasan ba su ƙirƙiro wannan wahala ba, daga tarihi suka ɗauko ta.

Jamusawa sun fi kowa tsanani: sukan nemi tarkacen jirgi ko shaidu, kuma mutum ɗaya kaɗai ake bai wa kowace nasara. Abin ya zo musu da sauƙi, tun da galibin faɗan a kan yankin da ke hannunsu aka yi shi. A ƙarƙashin wannan tsari ne aka tabbatar wa Manfred von Richthofen nasarori 80.

Birtaniya kuwa, wadda matuƙanta ke kutsawa bayan layin abokan gaba inda ba a iya zuwa duba tarkace, takan ƙirga har da jirgin da aka ce ya ƙwace wa matuƙinsa, takan kuma raba nasara ɗaya tsakanin mutane da dama.

René Fonck na Faransa an amince masa da 75, shi kuwa ya yi iƙirarin sama da 100. Billy Bishop ɗan Kanada na da 72, amma har yau masana tarihi na jayayya kan harin da ya ce ya kai shi kaɗai kan wani filin jiragen Jamus ranar 2 ga Yunin 1917, wanda ya samu lambar Victoria Cross a kansa ba tare da shaida ba.

Matsalar ba ta ƙare da wancan yaƙi ba. Ranar 15 ga Satumbar 1940 Birtaniya ta sanar da kakkaɓo jiragen Jamus 185, amma bayanan Jamus da aka samu bayan yaƙi sun nuna adadin bai wuce kimanin 60 ba. Ba lallai ƙarya aka yi ba: matuƙa uku na iya harbin jirgi ɗaya, kowa ya tafi yana ganin shi ya kayar da shi.

Shi kansa Richthofen, da aka kashe ranar 21 ga Afrilun 1918, rundunar sojin saman Birtaniya ta ce Kyaftin Roy Brown ne ya harbo shi. Yawancin masu bincike a yanzu na ganin harsashin ya fito ne daga bindigar sojojin Ostareliya da ke ƙasa.