Ƙwayar Magani da Hular Maganaɗisu Don Raba Mutum da Taba

Na san wani dattijo, mai bi ne na ƙwarai, ba ya fashin sujada. Shekara da shekaru yana shan sigari a ɓoye, a bayan rumbu. Sau uku yana yin alkawari gaban fasto, sau uku yana komawa. Maiɗakinsa ta ce taurin kai ne, wasu kuwa suka ce bai tuba da gaske ba. Ran nan ya ce mini, "Malam, ni na sake ta, ita ce ba ta sake ni ba."

Gaskiyar dattijon ke nan. A cikin taba akwai wani sinadari da ake kira nikotin. In mutum ya zuƙi hayaƙi, kafin daƙiƙa 20 ya isa ƙwaƙwalwa, ya sa ta jin daɗi na ɗan lokaci. Yau da gobe sai ƙwaƙwalwa ta saba. Ran da ta rasa shi, sai fushi, da rashin barci, da ƙishin taba mai tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara.

Likitoci suna da magunguna. Akwai cingam da filasta masu nikotin kaɗan, waɗanda ake rage wa mutum sannu a hankali. Akwai kuma ƙwayar varenicline, wadda Amurka ta yarda da ita a 2006. Ita tana shiga ta zauna a gurbin da nikotin ke zama cikin ƙwaƙwalwa, ta rage ƙishin, in mutum ya sha sigari kuma ba ya jin daɗinta kamar dā. Akan sha ta mako 12. Tana taimako sosai, amma da yawa sukan koma bayan watanni.

To, a 2007 masana a Amurka suka ba da wani labari mai ban mamaki. Sun bincika mashaya taba waɗanda ciwo, kamar shanyewar ɓarin jiki, ya lalata musu wani lungu na ƙwaƙwalwa mai suna insula. Cikin mutum 19, goma sha biyu sun bar taba nan take, ba wahala, ba komawa. Ashe a wannan lungu ƙishin yake da sheƙa. Ba wanda zai so a yi masa rauni a ka don ya bar sigari, amma ko za a iya taɓa wurin ba tare da wuƙa ba?

Dabarar kuwa tana nan tun 1985, lokacin da Anthony Barker ya ƙera na'urarta a Sheffield ta Ingila. Ana sa wa mutum wani abu kamar hular kwano, mai naɗin waya a ciki. Ƙarfin maganaɗisu yana ratsa ƙoƙon kai ya motsa jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ba yanka, ba allurar barci. Mutum yana zaune a kujera yana jin ƙwas-ƙwas, bayan kamar minti 20 ya tashi ya tafi gida. A 2020 Amurka ta yarda a yi amfani da irin wannan hula don barin taba. A gwajin da aka yi da mutum 262, kashi 19 cikin ɗari na waɗanda aka sa wa hular gaske sun daina, na hular jabu kuwa wajen kashi 9. Riɓi biyu ke nan, amma mai karatu ya lura, yawancinsu ba su daina ba.

Shi ya sa aka ce a gwada haɗa biyun. A Toronto ta ƙasar Kanada an ba wasu mashaya ƙwayar varenicline, aka kuma sa musu hula mako huɗu, wasu ta gaske, wasu jabu. Rahoton da ya fito a 2023 ya nuna cewa a ƙarshen mako 12 masu hular gaske sun fi dainawa nesa ba kusa ba. Sai dai mutanen ba su kai 50 ba. A ganina labari ne mai ƙarfafa zuciya, amma bai isa a buga ganga ba tukuna.

Na'urar tana da tsada, kuma ba a sa wa mai farfaɗiya ko mai ƙarfe a cikin kai sai da binciken likita. Maganin ya fi kusa da mu, amma kada a saye shi a bakin kasuwa. Yakan kawo tashin zuciya da mafarkai barkatai, don haka likita ne zai rubuta, ya kuma bi sawu.

Akwai aikin iyali kuma. Makon fari shi ne mafi wuya. A sa rana tare, a kwashe sigari da ashana daga ɗaki, a yi addu'a da shi, a kuma yi haƙuri da faɗansa na 'yan kwanakin nan. Dattijon da na ambata, maiɗakinsa ce ta raka shi asibiti, ita ce kuma take riƙe masa katin.