Haɗin Amarya Da Abin Da Ke Cikin Robar

Mako uku kafin bikin ’yar ƙanena, na tarar da ita a ɗaki tana mulka wani mai daga robar da ba ta da suna, balle lambar NAFDAC. Da na tambaye ta, sai ta ce, “Gwaggo, haɗi ne, mai gyaran jiki ta ba ni.” Fuskar ta yi fayau, amma gaɓoɓin yatsunta sun yi baƙi ƙirin.

Mai karatu, irin wannan haɗi yakan ƙunshi ɗaya daga abubuwa uku. Haidurokwinon yana hana fata samar da launin da ke kare ta daga rana, kuma in an daɗe ana shafa shi sai ya bar baƙin tabon da ke da wuyar gogewa. Sitiroyid, irin su kulobetasol, magani ne na cutar fata da likita ke bayarwa na ɗan lokaci. Idan ya zama man shafawar kullum, fata takan yi siriri, nankarwa ta fito, rauni ya ƙi warkewa da wuri. Wadda za a yi wa tiyatar haihuwa wata rana ta yi tunani a kan wannan. Na uku, makuri, yana lalata ƙoda, yana kuma kaiwa ga ɗan tayi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito a 2011 cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna amfani da man bilicin. A 2023 NAFDAC ta kira lamarin matsalar lafiya ta gaggawa. Ni dai ban ga laifin yarinya ita kaɗai ba, tunda mazan da ke la’antar bilicin a majalisa su ne ke cewa a samo masu fara.

Abin da fata ke buƙata, ko a tsakiyar hunturu, bai taka kara ya karya ba: ruwa mai ɗumi maimakon mai zafi, a sassauta dirza da soso, a shafa man kaɗanya tun jiki da sauran lema. Mai faso ta jiƙa ƙafa, ta goge kaushi, ta shafa basilin ta kwana da safa.

Ita ’yar tawa ban ce ta jefar da robar nan take ba, domin yanke sitiroyid farat ɗaya yakan tayar da ƙuraje da raɗaɗi. Wurin likitan fata na kai ta. Ranar kamu, jan lalle ne ya rufe mata yatsun.