Ko Ka Sani? Doki Ya Fi Jure Mai a Kan Yawan Gero

A Turai da Kanada wasu masu dawakai na barbaɗa wa dabbobinsu ƙwayar wani tsiro ɗan gidan tabar wiwi, wanda ake nomawa don zare da mai, ba don maye ba. Kusan kashi 30 cikin 100 na ƙwayar mai ne, kusan kashi 25 kuma furotin. A Najeriya wannan ƙofa a rufe take, domin dokar 1966 ta haramta noman wiwi, hukumar NDLEA kuma ba ta ware wani nau'i ba. Sai dai hikimar da ke ciki ta shafi duk mai turke a Ƙofa, Kusada ko Kankiya: dokin da ya rame da rani, man abinci yake nema, ba ƙarin gero ba.

Dalilin yana cikin halittarsa. Doki ba ya tuƙa kamar saniya, tumbinsa kuma ƙarami ne, bai cika wuce lita 15 ba. Idan aka dumbuza masa gero ko dawa lokaci guda, musamman ana gab da hawan Sallah ana son ya yi ƙiba da sauri, sitacin da bai narke ba yakan zarce babban hanji ya yi tsami. Daga nan ciwon ciki ke tasowa, wani lokaci har kumburin cikin kofato, wanda kan gurgunta ingarma. Mai kuwa yana ba da ƙarfi fiye da ninki biyu na sitaci, ba tare da wannan tsamin ba. Abin farin ciki, muna da shi a gida: riɗi kusan rabinsa mai ne, tunkuzar gyaɗa cike take da furotin, gasasshen waken suya kuma ya fi su amfani ga dukushi mai tasowa.

Wani zai ce ai doki ba shi da matsarmama, ta yaya zai narkar da mai? Gaskiya ne ba shi da ita, amma hantarsa na zubo ruwan ɗacin cikin hanji a kai a kai, don haka yana narkarwa muddin an fara da kaɗan ana ƙarawa cikin mako biyu ko uku. Wani kuma zai ce kakanninmu da gero da dusa da kanwa suka riƙe dawakin yaƙi. Haka ne, amma waɗancan dawakai kullum suna kan hanya suna ƙone abin da suka ci, na yau kuwa yawancinsu a ɗaure suke wuni.

Inda na fi damuwa shi ne tunkuzar da ta yi fumfuna, domin gubarta hanta take ci, gara a zubar. Angurya ma a bar wa shanu, tana da sinadarin da ke cutar da ƙananan dawakai. Duk wannan kuma ƙari ne kawai a kan harawa da ciyawa, waɗanda doki ke bukatar kusan kilo 2 a kan kowane kilo 100 na nauyinsa kullum.