Bikin ranar haihuwa a ƙasar waje: Kafin ka yi wa ɗanka faɗa

Idan kana da ɗa ko 'ya ko ƙani da ke karatu ko neman abinci a ƙasar waje, da wuya shekara ta zagayo ba ka ci karo da irin hoton nan a WhatsApp ba: ɗan ƙaramin ɗaki, kek a kan tebur, tiren dafa-duka, ga matasa biyar ko shida da ba ka san ko ɗayansu ba, naka kuma yana tsakiya yana dariya. Wai ana bazde, kamar yadda yaran yanzu ke cewa.

Tambaya biyu ce ke fara faɗo wa yawancin iyaye. Da kuɗin wa? Kuma tun yaushe muka fara wannan a gidanmu? Duk biyun suna da hujja. Sai dai akwai ta uku da ta shafi lafiyarsa kai tsaye: da babu waɗannan mutanen, da wa zai zauna, kuma wa zai ɗauke shi zuwa asibiti ranar da ciwo ya kayar da shi?

Mutumin Sabon Wuse ba ya buƙatar a koya masa zafin barin gida. Sunan garin ma ya faɗa. Bayan gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta ayyana sabon babban birnin tarayya a 1976, an tashi mazauna tsohon Wuse aka kawo su nan bakin hanyar Kaduna, cikin Jihar Neja, wurin da a yau yake hedikwatar Ƙaramar Hukumar Tafa. Har yanzu kuma kowace asuba motoci na kwasar ma'aikata daga Sabon Wuse da Suleja, su bi ta gindin Dutsen Zuma da Madalla su shiga Abuja, da yawansu 'yan Kano da Katsina da Sakkwato ne masu zaman haya. Amma shi wannan baƙon, in kewa ta ishe shi, ran Juma'a zai tare mota ya kwana a gida. Wanda ke Alƙahira ko Kuala Lumpur ko Landan sai ya yi shekara biyu bai ga fuskar mahaifiyarsa ba in ba a waya ba.

Rana muka sani, ba kwanan wata ba

Gaskiya ne ba mu gaji bikin nan ba. Bahaushe yana riƙe ranar da aka haife shi, amma a cikin suna yake ajiye ta. Ɗanladi da Ladi na Lahadi ne, Talatu ta Talata, Balarabe na Laraba, Ɗanlami da Lami na Alhamis, Ɗanjuma da Jummai na Juma'a, Asabe ta Asabar. Azumi kuwa watanta ya bayyana. Bikin da muka sani shi ne na suna, rana ta bakwai, a yanka rago a yi wa jariri aski, shi ke nan. Kwanan wata kuwa sai makaranta da fasfo suka tilasta shi. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa a Najeriya. Shi ya sa za ka ga 1 ga Janairu ta yi yawa a takardun mutanenmu.

Malamai ma sun rabu a kan hukuncinsa. Marigayi Shaikh Bin Baz na Saudiyya ya hana, yana ganin bidi'a ce da koyi da waɗanda ba Musulmi ba. Hukumar fatawa ta Masar kuma ta halatta, a matsayin al'ada da godiya ga Allah, matuƙar babu saɓo a ciki. Kowa ya san malamin da yake bi, kuma ba a wannan shafi za a raba gardamar ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kek da kyandir ba, yana iya tara abokansa a kan walimar gama jarrabawa, ko buɗa-baki, ko tuwon Sallah. Abin da likita zai duba shi ne ko an taru.

Kaɗaici ciwo ne

A watan Mayun 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Dokta Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa rashin cuɗanya da mutane yana ƙara haɗarin mutuwa da wuri kwatankwacin shan taba har kara 15 a rana. Gargaɗin ya ce haɗarin ciwon zuciya na ƙaruwa da kashi 29 cikin 100, na shanyewar ɓarin jiki kuma da kashi 32. A watan Yunin 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin shida a duniya na fama da kaɗaici, kuma ana danganta shi da mutuwar mutum fiye da 871,000 a shekara. Abin da zai ba ka mamaki, matasa ne suka fi shiga ciki, ba tsofaffi ba. Birtaniya tun 2018 ta naɗa minista a kan wannan matsala, Japan ta bi sahu a 2021.

Yadda abin ke aiki ba boyayye ba ne. Mutumin da ya daɗe shi kaɗai jikinsa na zama cikin ɗar-ɗar, barcinsa ya lalace, hawan jini ya samu ƙofa. Ba ya girki don babu wanda za su ci tare, sai burodi da taliyar leda. In ya ji ciwo babu mai ce masa tashi mu je asibiti.

To ka ɗora wannan a kan yaron da ya tashi a gida mai mutum goma sha biyar, wanda tun da aka haife shi bai taɓa cin abinci a kwano shi kaɗai ba, bai taɓa wuce majalisa ba a kira sunansa ba. Ka ajiye shi a ɗaki ɗaya a Landan cikin Disamba, inda rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, maƙwabcinsa kuma ko sallama ba ta haɗa su. A irin wannan wuri babu suna, babu ɗaurin aure, babu gaisuwar mutuwa, duk abubuwan da ke tara mu a nan ba tare da mun nema ba. Mutane ba sa haɗuwa sai da dalili da alƙawari. Ranar haihuwa na daga cikin 'yan dalilan da kowa ke ganewa, Balarabe da Ba'indiye da Bayarabe, kuma ba a cika ƙin amsa gayyatarta ba. Sau da yawa ba ma shi ya shirya ba, abokai ne suka yi masa ba-zata.

Mu tuna Sudan. Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, ya rutsa da dubban 'yan Najeriya, yawancinsu ɗalibai, da yawa kuma daga Arewa. An kwashe su a motocin safa, wasu suka yi kwanaki a kan iyakar Masar, wasu suka bi ta Port Sudan, kafin jirage su fara sauke su a Abuja a farkon Mayu. A kwanakin nan iyaye a gida ba abin da ke hannunsu sai addu'a da jiran waya. Wanda zai raba ruwa da yaro, ya ara masa caji, ya buga gida ya ce yana nan lafiya, shi ne abokin da suka saba ci tare.

Kai kuma mai bikin

Yanzu bari mu juyo gare ka, kai da ke can, don taron da aka yi saboda lafiya bai kamata ya ƙare a asibiti ba.

Fara da aljihu. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, Dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da Naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kowace Fam da za ka kashe a gidan abinci, wani ne ya yi gumi a kanta a Kasuwar Suleja. A Birtaniya kuma bizar ɗalibi ba ta yarda ya yi aiki fiye da awa 20 a mako lokacin karatu ba. Ku yi karo-karo, kowa ya zo da tukunyarsa. Ya fi arha, hira kuma ta fi daɗi.

Tukunyar kanta tana da doka. Mun saba da ɗumame, amma shinkafa ba tuwo ba ce. Akwai ƙwayar cuta da ke jure dahuwa a cikin shinkafa, in aka bar ta a buɗe cikin ɗumi sai ta hayayyafa ta zuba guba, kuma sake ɗumamawa ba ya kashe gubar. Sakamakon amai ne da gudawa cikin 'yan awoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje. Ɗakin da aka kunna wa na'urar ɗumama ɗaki, ko da ƙanƙara na zuba a waje, ɗaki ne mai zafi. Ana gama ci a juye sauran a saka a firji.

Sai abin da kusan ba ma tunawa: gyaɗa. Yajin tsire da na kilishi da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi. A wurinmu wannan ba komai ba ne, amma a Turai da Amurka akwai mutane da yawa da jininsu bai jitu da gyaɗa ba, ɗan kaɗan ya isa ya kumbura musu leɓe da maƙogwaro, numfashi ya sarƙe cikin mintuna. Kafin ka miƙa wa baƙonka tsire, gaya masa akwai gyaɗa a ciki. In kuwa ka ga alamun nan, kada ka tsaya neman manja ko madara. Buga lambar gaggawa nan take: 999 a Birtaniya da Malesiya, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai da Turkiyya, 911 a Amurka da Kanada. Mai wannan matsala yakan yi yawo da allurarsa a jaka, ka taimaka masa ya yi ta. Kai ma ka karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin kek da alawa, don wasu ana zuba musu giya, wasu kuma ana haɗa su da sinadarin da aka samo daga alade.

Tsiren nan kuma kada sanyi ya sa a shigo da gawayinsa cikin ɗaki. Gawayi na fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, ita ce dai ke kashe iyalai a nan gida idan aka kwana da janareta a rufe. Gidajen ƙasashen sanyi a toshe suke ruf. Garwashin shisha ma haka yake. Idan mutum biyu ko uku suka fara ciwon kai da jiri da tashin zuciya lokaci ɗaya, a buɗe taga, kowa ya fita.

Akwai kuma balan-balan da ake cika wa iskar sa dariya ana zuƙa a wuraren biki. Tana lalata jijiyoyi har ƙafa ta kasa ɗaukar mutum. Hukumar NDLEA ta sa mata ƙafar wando a Yulin 2023, Birtaniya kuma ta mayar da mallakarta don shaƙa laifi a Nuwamban shekarar. Baƙon da aka kama da laifi, karatunsa da bizarsa ne a kan faifai.

Zaƙi kuwa ba za mu tsananta ba, yankan kek ɗaya a shekara bai taɓa kashe kowa ba. Sai dai ka sani gwangwanin Coca-Cola mai mililita 330 na ɗauke da sukari gram 35, alhali shawarar Hukumar Lafiya ita ce babba kada ya wuce kimanin gram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ma ya fi. Ka jiƙa zoɓo da citta, ka sa sukarin da hannunka. A Masar karkade suke ce masa, ko'ina ana sayarwa.

Abin da ya rage wa na gida

Ke uwa, kada ki wahalar da kanki da ƙullin kilishi da man shanu. Birtaniya ba ta barin matafiyi daga Najeriya ya shiga da nama ko kayan nono, Amurka ma tana ƙwace nama a filin jirgi. Kira ya fi isa. A dai duba agogo: Saudiyya na gabanmu da awa biyu, Indiya da huɗu da rabi, Malesiya da bakwai. In kika bari sai bayan Isha'i a Sabon Wuse, na Kuala Lumpur ƙarfe uku na dare za ki tashe shi.

Kai uba, in za ka yi nasiha a kan bikin, yi, haƙƙinka ne. Amma ba a ranar ba, kuma ba da zafin da zai sa baɗi ya ɓoye maka hoton ba. Yaron da ya koyi ɓoye farin cikinsa zai ɓoye ciwonsa. Tambaye shi sunayen mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, 'yan ina ne, me suke karanta, wane ne ya yi girkin. A nan za ka gane ko abokan kirki ne, fiye da yadda faɗa zai nuna maka. Ka nemi lambar ɗaya ko biyu daga cikinsu ka rubuta a takarda, ka gaisa da su ko sau ɗaya.

Ka fi sa ido kuma a kan wanda ranarsa ta zo ta wuce shiru, ka tambaye shi da wa ya wuni ya ce ba kowa. In ka lura ya rage ɗaukar waya, ya daina kunna bidiyo, kullum yana kwance, ya bar shiga aji, ko yana cewa shi nauyi ne a kanku, kuma hakan ya kai mako biyu, to alamun ciwon damuwa ne, ba lalaci ko rashin tawakkali ba. A yi masa addu'a, a kuma tura shi wurin likita. Yawancin jami'o'in Turai da Amurka suna da ofishin ba ɗalibai shawara kyauta, a Birtaniya da Ayalan kuma ƙungiyar Samaritans na amsa kira dare da rana a 116 123 ba tare da an biya ba. Idan har ya ambaci mutuwa ko gajiya da rayuwa, kada ka jira gari ya waye. Riƙe shi a waya, wani a gidan ya kira abokin nasa ya je ɗakin yanzu.