Malamin Damargu a Teburin Wasa

A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka. A zaune ake yin sa: mutum ɗaya na ba da labari, kowane ɗan wasa ya ɗauki jarumi guda, a jefa ɗan ludo a ga ko niyyarsa ta cika. Jarumai iri uku aka fara da su: mayaƙi, matsafi da mai addini. Na ukun an zana shi da siffar limaman coci na tsohuwar Turai. Yana warkar da rauni, an kuma hana shi makami mai kaifi.

Wannan riga ba za ta shiga malamin Damargu ba.

Damargu, ƙasar Tanut da Belbeji, tsohuwar hanyar ayari ce tsakanin Damagaram da Agadas. A nan ƙarfin malami yana cikin karatunsa da yardar jama'a: shi ke raba gado, ya ɗaura aure, ya rubuta laya, ya shiga tsakanin manomi da makiyayi in rigima ta tashi a bakin rijiya. Abzinawa ma suna da gidajen malamai da suke kira ineslemen. Mai son jarumin da ya haɗa ɗariƙa da takobi kuwa, ga Kawsan, haifaffen Damargu, ɗan ɗariƙar Sanusiyya, wanda ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas a Disamban 1916.

Mai tsara wasa ya kamata ya ba irin wannan malami maki a sulhu, ilimi da amana. Ayoyi kuwa sun fi ƙarfin a maida su makamin wasa, don haka ya ƙirƙiro wa duniyar labarinsa addininta na almara.