Wutar da Ake Gwadawa Kafin a Aika da Ita Sama

Macen da ta shiga kasuwar Karaye ko ta Rogo sayen tukunya ba ta biyan kuɗi sai ta ƙwanƙwasa ta, ta ji amonta. Ta san tukunyar da ba ta gasu ba, ran da aka ɗora ta a murhu ran nan za ta ba da kunya. To, mai karatu, masanan da ke shirin aika wutar nukiliya sararin sama su ma haka suke yi, sai dai ƙwanƙwasarsu takan ɗauki shekaru.

Me zai kai irin wannan wuta sama? Dalilai biyu ne. Na fari, lantarki. Kumbon da ya yi nisa da rana ba ya samun hasken da zai ishe shi. Shi ya sa a 1977 Amurka ta harba Voyager 1 da Voyager 2 ɗauke da fulutoniyom, wani ƙarfe mai fid da zafi da kansa, zafin kuwa ake juyawa ya zama lantarki. Fiye da shekara 40 suka yi suna aiko da labari da wannan guzuri. Na biyu, tafiya. Idan aka bi da iskar haidurojin ta cikin tukunyar nukiliya, takan yi zafi fiye da digiri 2,000, ta fita da ƙarfi ta baya, ta tura roka gaba. Da mai daidai gwargwado, irin wannan roka takan yi aikin rokar yau kusan ninki biyu.

Amma wane abu ne zai jure wannan zafi? Daga 1959 zuwa 1972 Amurkawa suka yi ta gwada irin waɗannan injuna a hamadar Nebada. Da fari iskar mai zafi ta riƙa cinye sandunan makamashin, wani lokaci ma girgiza ta karya su, gutsattsarinsu suka fito ta bakin injin. Sai da aka sake tsari, aka shafa wa sandunan rufi mai jure wuta, sa'an nan suka yi dama. Duk da haka a 1973 aka rufe shirin, babu injin da ya tashi ko ɗaya.

Kada a ce wannan gwaji ɓata lokaci ne, gama abin da aka jefa sama yakan dawo ƙasa. A 1970, da kumbon Apollo 13 ya sami matsala, gwangwanin fulutoniyom da yake ɗauke da shi ya faɗa tekun Fasifik. An riga an gina shi domin ya jure irin wannan faɗuwa, ba a kuwa ga alamar ya yoyo ba. Amma a watan Janairu na 1978 kumbon Tarayyar Sobiyet mai suna Kosmos 954 ya tarwatse a arewacin Kanada, ya watsa ɓaraguzai masu guba a tsawon ɗaruruwan kilomita. Da a kan gonakinmu ya zubo fa?

Akwai kuma wata damuwa. Injunan Nebada sun yi aiki ne da yuraniyom mai tsananin tacewa, irin wanda ake iya yin bam da shi. Saboda haka masana na baya-bayan nan suka koma gwada wanda tacewarsa ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba. A nan ne labarin ya iso kusa da gida.

A Zariya, maƙwabciyarmu, Jami'ar Ahmadu Bello tana da cibiyar binciken makamashi. A 2004 aka kunna wata ƙaramar tukunyar nukiliya a can, ƙirar ƙasar Sin, mai suna NIRR-1. Ba ta roka ba ce, ba kuma ta ba gari lantarki ba. Ƙarfinta na fari wajen kilowat 30 ne, wato kamar dutsen guga na lantarki talatin. Aikinta gwaji: a sa ɗan ƙasar gona, ko dutse, ko hatsi a ciki, sai ta bayyana sinadaran da ke ɓoye cikinsa. Amma makamashinta na fari, wajen kilo ɗaya, tacewarsa ta kai kashi 90. A 2018 aka cire shi, aka zuba sabo mai kashi 13, aka kuma mayar da tsohon ƙasar Sin a watan Disamba. Sabon ma sai da aka gwada shi a Sin kafin a kawo shi. Tukunyar ta ci gaba da aikinta, ba kuwa abin da mugu zai yi kwaɗayi a cikinta.

Iyaye, in kuna da yaro mai son lissafi da kimiyya, mai yawan tambaya har ya gajiyar da ku, kada ku kwaɓe shi. Ku gaya masa irin wannan aiki ba na Turawa kaɗai ba ne, ana yin ɗan'uwansa a Zariya. In kuma uwarsa za ta sayen tukunya, ta tafi da shi, ta bar shi ya ƙwanƙwasa da kansa.